Zaɓen abin lanƙwasa gashin ido: a fara da duba idon

Na daɗe ina amfani da abin lanƙwasa gashin ido kafin in fahimci cewa laifin ba na hannuna ba ne. Shekaru da dama, duk lokacin da na kai ɗan ƙarfen nan fuskata, sai ya mintsini fatar idona ta wajen hanci, kuma ya bar gashin da ke can wutsiyar ido a kwance kamar ba a taɓa shi ba. Na ɗauka rashin iyawa ne, na yi ta sauya yadda nake riƙewa, ina karkata kai, ina ɗaga gira da yatsa, amma babu abin da ya sauya. Sai ranar da na sami wani abin lanƙwasar mai siffa daban, na ɗora shi a kan idona, na ji ya zauna daram tun daga wannan kusurwa har zuwa waccan, sannan na gane cewa na farkon ba don irin idona aka ƙera shi ba. Tun daga ranar, idan wata ta tambaye ni wanne ya fi kyau, nakan ce mata sai na ga idonta tukuna.

Ga wadda ba ta taɓa riƙe shi ba, abin yana kama da ƙaramin almakashi ta wajen mariƙinsa, da zobba biyu na sa babban yatsa da manuni, amma a maimakon kaifi sai aka yi masa baki mai lanƙwasa kamar baka. Leɓen sama ƙarfe ne siriri wanda ba ya motsi, leɓen ƙasa kuwa yana ɗauke da 'yar roba mai taushi, kuma shi ne ke hawa idan an matse mariƙin, har ya danne gashin a tsakaninsu. Don gajarta magana zan riƙa kiransa malanƙwashi. Ƙirar tsohuwa ce, domin tun tsakanin shekarun 1920 da farkon 1930 aka yi mata rajista a Amurka, inda kamfanin Kurlash na birnin Rochester a jihar New York ya yi suna da ita, kuma duk wanda ya ga hoton na wancan zamani zai shaida cewa da kaɗan ya bambanta da na yau. Abubuwan da suka sauya cikin kusan shekara ɗari ƙanana ne a ido, wato zurfin bakan, faɗin bakin, irin robar, da santsin gaɓar da ta haɗa sassan, sai dai a kan waɗannan ƙananan abubuwa ne zaɓen gaba ɗaya ya rataya.

Kafin a kai ga ƙarfen, ya kamata a san abin da za a matse. Fatar ido ta sama tana ɗauke da gashi tsakanin 90 zuwa 160, masu tsawon milimita 8 zuwa 12, ta ƙasa kuwa tana da kimanin 75 zuwa 80 waɗanda suka fi gajarta. Aikinsu na asali tsaro ne. A shekarar 2015 masu bincike a jami'ar Georgia Tech ta Amurka sun auna gashin idon dabbobi masu shayarwa iri 22, suka tarar tsawonsa yakan kai kusan kashi ɗaya cikin uku na faɗin idon, kuma a wannan tsawon ne yake karkatar da iska, ya rage bushewar ido da faɗawar ƙura da kusan rabi. Kowane gashi yana da zamaninsa, yana girma na tsawon mako 4 zuwa 10, sannan ya tsaya, ya huta, daga baya ya faɗi wani ya maye gurbinsa, kuma zagayen gaba ɗaya yana ɗaukar wata 4 zuwa 11. Girman nasa a hankali ne ƙwarai, kimanin milimita 0.12 zuwa 0.14 a kwana, wanda ke nufin gashi mai tsawon milimita 10 yana bukatar fiye da wata biyu kafin ya cika. Na kawo waɗannan alƙaluma ne domin a san cewa abin da mugun malanƙwashi zai guntule cikin daƙiƙa ɗaya, watanni ne za su biya shi.

Dalilin da ya sa matsi yake lanƙwasa gashi kuwa yana cikin sinadarin da aka gina gashin da shi, wato keratin. Zaruruwan keratin suna riƙe da juna ta hanyoyi biyu da suka shafe mu a nan. Akwai riƙo mai ƙarfi na sinadarin farar wuta, wanda sai da magani ake kwance shi, kuma shi ne masu gyaran fuska suke taɓawa idan suka yi lanƙwasar da ke ɗaukar makonni. Akwai kuma riƙo mai rauni, wanda ruwa da zafi suke sassautawa, ya sake kamawa idan gashin ya bushe ko ya huce. Malanƙwashi da wannan riƙo mai rauni kaɗai yake aiki, shi ya sa lanƙwasarsa ta yini ɗaya ce, kuma shi ya sa gumi, tururi, hawaye ko wanke fuska suke mayar da gashin yadda yake. Wadda ta fahimci wannan ba za ta zargi ƙarfenta ba idan lanƙwasar ta sauka a ranar da iska take da laima, kuma ba za ta ƙara ƙarfin matsi da nufin ta daɗe ba, domin ƙarin ƙarfi karya gashi yake yi, ba ya ƙara masa kwana.

Akwai tambayar da nake ganin ta riga kowace, ko da yake ba kasafai ake yin ta ba, wato ko idonki yana bukatar malanƙwashin ma. An ƙirƙiro shi ne domin gashin da ke fitowa miƙe ko yana kallon ƙasa, irin wanda yake rufe ido kamar rumfa, kuma irin wannan gashi ya fi yawa a tsakanin mutanen gabashin Asiya, abin da ya sa kamfanonin Japan suka zurfafa a sana'ar ƙera shi. Mutane da yawa masu asalin Afirka kuwa gashin idonsu a lanƙwashe yake fitowa, wani ma har ya naɗe ya koma yana taɓa fatar ido. Mai irin wannan gashi idan ta ƙara matse shi, sai ya dunƙule ya ƙara gajarta a ido, alhali abin da take nema shi ne ya miƙe kaɗan a ga tsawonsa. Ita ɗan ƙaramin mataji na gashin ido ya fi yi mata amfani. Ki tsaya gaban madubi da fuska a wanke, ki juya gefe, ki duba inda bakin gashin yake kallo. Idan sama yake kallo, kin huta da wannan neman.

Idan kuwa gashin miƙe yake ko yana kallon ƙasa, to abu na farko kuma mafi girma shi ne zurfin bakan. Idanu ba su zauna a fuska iri ɗaya ba. Wani idon ya turo gaba, fatarsa ta yi tudu sosai kamar an kifa ƙaramin ƙoƙo, wani ya shige cikin rami a ƙarƙashin ƙashin gira, wani kuma ya kwanta kusan daidai da fuska, tudunsa kaɗan ne. Bakin malanƙwashi dole ne ya bi wannan tudun kamar yadda takalmi yake bin ƙafa. Idan bakan ya fi idon zurfi, ƙarshensa biyu ne za su fara isa fata, su soki kusurwoyin ido su mintsine su, alhali tsakiyarsa tana can nesa ba ta kai tushen gashin ba, sai a sami gashin tsakiya ya lanƙwashe daga rabinsa kawai. Idan kuma bakan bai kai idon zurfi ba, tsakiyarsa ce za ta danne tudun ido ta kama fata a nan, ƙarshensa biyu kuwa su tsaya a iska, gashin gefe da gefe ya kuɓuce. Saboda haka wurin da malanƙwashi yake mintsinin ki shi ne yake gaya miki abin da ke damunsa: mintsini a kusurwa yana nufin ki nemi mai baka shimfiɗaɗɗe, mintsini a tsakiya yana nufin ki nemi mai baka mai zurfi. Da na san wannan tun farko, da ban ɓata shekaru ina zargin hannuna ba.

Akwai hanya mai sauƙi ta sanin inda idonki ya faɗa. Ki rufe ido ɗaya, ki ɗauki fensir mai tsabta ki jingina shi a tsaye a hankali, kansa a kan ƙashin gira, gindinsa a kan ƙashin kunci. Idan fensirin ya taɓa fatar ido sosai, idonki mai turowa ne, kuma baka mai zurfi zai fi dacewa da shi. Idan ya shafe ta kaɗan, kina tsakiya, inda yawancin malanƙwasai suke yi wa mutum daidai. Idan kuwa akwai sarari tsakaninsu, idon ya shige ciki, kuma a nan sai an ƙara lura da kaurin leɓen sama da tsawon ginshiƙan gefe, wato ƙarafa biyun da ke riƙe da leɓen saman, domin ƙarfe mai kauri yakan tokari ƙashin gira kafin ya isa tushen gashi. Hoton da aka ɗauka da waya daga gefen fuska, da wani daga sama ana kallon ƙasa, su ma suna nuna tudun ido fiye da yadda madubi zai nuna. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a wannan aiki na ga cewa ido ba ya iya kimanta kansa, yana bukatar taimakon fensir da hoto.

Bayan zurfi sai faɗi. Tsagin idon babban mutum daga kusurwa zuwa kusurwa yakan kai milimita 28 zuwa 30, amma akwai masu dogon ido da masu gajere, kuma bambancin milimita biyu ko uku ya isa ya sa gashin wutsiyar ido ya faɗa bayan ginshiƙin gefe ya lanƙwashe a karkace. Ki auna layin gashinki da rula a gaban madubi, daga gashin farko zuwa na ƙarshe, ba tare da rular ta taɓa ido ba, sannan ki nemi malanƙwashin da bakinsa ya ɗara wannan awo kaɗan. Wasu kamfanoni, musamman na Japan, suna bayyana faɗin bakin da zurfin bakan, kuma ina ganin wannan alama ce ta masu ƙira da suka san cewa idanu sun bambanta. Daga cikin sanannun suna, na kamfanin Shiseido, wanda aka kafa a unguwar Ginza ta Tokyo a 1872, an san shi da baka shimfiɗaɗɗe mai dacewa da idon da bai turo ba, na Shu Uemura kuwa, mai ɗauke da sunan gwanin kwalliyar nan ɗan Japan da ya yi aiki a Hollywood tun shekarun 1950, bakansa ya ɗan fi zurfi. Dukansu ƙira ce mai kyau, kuma kowannensu zai iya mintsinin wadda bai dace da idonta ba. Sunan da ke jikin ƙarfe yana iya ba ki tabbacin ingancin gaɓa da roba, amma ba shi da masaniya a kan siffar idonki.

Wadda fatar idonta ta sama ta sauko ta lulluɓe tushen gashi tana da ƙarin abin dubawa, wato yadda bakin yake buɗewa. Tana bukatar mai buɗewa sosai, mai siririn leɓen sama wanda zai iya tura fatar baya a hankali ya tona tushen, kuma yawanci sai ta ɗaga gira da yatsan ɗaya hannun kafin ta sa shi.

Yanzu sai robar, wadda a wurina ita ce zuciyar abin, kuma a kanta na yi babban kuskurena. Na taɓa riƙe wani malanƙwashi fiye da shekara ban sauya masa roba ba, domin a ido lafiyarta ƙalau. Ashe matsin yau da gobe ya tsaga ta a tsakiya, tsagi siriri wanda ba ya bayyana sai an lanƙwasa ta da yatsa. Wata safiya na matse kamar kullum, na ji wani ɗan sauti, da na buɗe sai na ga gashi a kwance a kan robar, kusan kashi ɗaya cikin uku na idon dama ya guntule daga kusa da tushe. Leɓen ƙarfen ya nutse cikin tsagin ya zama kamar wuƙa a kan katako. Na yi fiye da wata biyu kafin gurbin ya cike, kuma a tsawon lokacin idon yana yawan tara ƙura yana hawaye, abin da ya tuna mini cewa gashin nan aiki yake yi. Ban taɓa jin ma'anar karin maganar nan ta garin neman gira a rasa ido ba kamar yadda na ji ta a ranar.

Saboda haka nake duba roba da idon basira. Ta silikon ta fi ta roba zalla daɗewa kafin ta bushe ta tsage, kuma ba ta cika kama gashi ta riƙe ba. Samanta ya zama mai tudu, a zagaye, domin a kan wannan tudun ne gashi yake kwanciya ya yi lanƙwasa mai laushi, shimfiɗaɗɗiya kuwa karya shi take yi ya tsaya kamar kusurwar bango. Taurinta ya zama matsakaici, idan kin danna da farce ta shiga kaɗan ta dawo nan take. Mai tauri sosai tana ba da lanƙwasa mai kaifi da haɗarin karyewa, mai laushi sosai kuwa ba ta riƙe gashi mai kauri, sai mutum ya yi ta ƙara ƙarfi. Launinta ma yana da amfani, domin baƙin gashi a kan baƙar roba ba ya ganuwa, amma a kan ja, fara ko ruwan hoda za ki ga kowane gashi da inda ya kwanta kafin ki matse. Ki tabbata kuma tana zaune cikin kwarinta ba ta zamewa, kuma ƙarshenta biyu sun kai bakin ginshiƙan ba tare da gibi ba. Mai amfani da shi kullum ta sauya roba duk wata uku, mai yi jefi-jefi za ta iya kaiwa wata shida, amma da zarar layin da ƙarfe yake bari ya zama kwari, lokaci ya yi ko da kwanakin ba su cika ba. Wannan ne ya sa ba na ɗaukar malanƙwashin da ba a samun robarsa ta canji, kuma ba na cusa robar wani kamfani a na wani, domin tsawo da lanƙwasarsu ba ɗaya ba ne.

Gaɓa da mariƙi ba su bukatar dogon bayani, gwaji suke bukata. Ki buɗe ki rufe sau goma a iska. Leɓen ƙasa ya hau a miƙe ba tare da rawa ko tsayawa a hanya ba, kuma idan ya rufe, ki ɗaga shi wajen haske ki duba ko ƙarfen ya sauka a tsakiyar robar tun daga farko har ƙarshe. Idan haske yana ratsawa ta gefe ɗaya, gashin wannan gefen ba zai lanƙwashe ba, na ɗaya gefen kuwa zai sha matsi ninki biyu. Ki shafa yatsa a leɓen sama ki ji ko akwai kaifi ko kaushi. Wasu suna da sifirin da ke buɗe bakin da kansa, wanda yake taimakon masu raunin yatsu, ni dai na fi son marar sifirin, domin yatsuna ne suke jin iyakar matsin, kuma ina iya tsayawa a daidai inda na ji fata ta fara shiga. Zobban su karɓi yatsunki ba tare da sun matse ko sun yi sako-sako ba, domin hannun da ke zamewa a kusa da ido shi ne yake fizge gashi daga tushe.

Maganar irin ƙarfen tana da muhimmanci ga wasu fiye da yadda ake zato. Fatar ido tana cikin mafi siranta a jikin mutum, ba ta kai kaurin milimita ɗaya ba, kuma nikel, wanda ake shafa wa kayan ƙarfe da yawa don su yi ƙyalli, yana cikin abubuwan da suka fi tayar wa fata da ƙaiƙayi a duniya. Likitocin fata sun daɗe da sanin malanƙwashi a matsayin ɗaya daga cikin sanadin kumburi, ja da saɓar fatar ido. Matsalar nikel ta kai har Tarayyar Turai ta kafa doka a 1994 mai iyakance yawan da zai riƙa fita daga kayan da ke daɗewa a jikin fata, irin su 'yan kunne da agogo. Idan 'yan kunne, maɓallin wando ko bayan agogo suna sa miki ƙuraje, to ki nemi malanƙwashin da aka bayyana cewa babu nikel a jikinsa, ko na filastik, ko wanda aka lulluɓe bakinsa. Ƙarfen da ba ya tsatsa yakan ƙunshi nikel shi ma, amma yawanci kaɗan yake saki, shi ya sa mutane da dama suke jure shi. Rufin ruwan zinare yana karewa muddin bai goge ba, idan ya goge kuwa abin da ke ƙasa zai bayyana. Wasu kuma robar ce fatarsu ba ta jituwa da ita, kuma su silikon ne mafitarsu.

Akwai ƙananan malanƙwasai masu bakin da bai wuce kashi ɗaya cikin uku na cikakken ba, marasa ginshiƙan gefe, waɗanda ake bin gashi da su kashi-kashi. Ga mai dogon ido, ko wadda idanunta biyu ba su zama daidai ba, ko wadda ta gwada manya da yawa babu wanda ya zauna, wannan ƙaramin shi ne amsa, domin ba ruwansa da zurfin baka. Yana cin lokaci, kuma sai an saba kafin lanƙwasar ta fito bai ɗaya, amma ni ina ajiye ɗaya domin gashin wutsiyar ido kawai. Akwai kuma masu aiki da batir, waɗanda suke kama da ɗan mataji mai ɗumi, ana tura gashi sama da su ba tare da matsi ba. Suna da amfani ga gashi mai taurin kai da kuma mai raunin da ba ya son matsi, sai dai zafin kullum yana busar da gashi, don haka a nemi mai matakan zafi da mai kashe kansa, kuma a fara gwada shi a bayan hannu. Dabarar da wasu suke yi ta hura wa malanƙwashin ƙarfe zafi da na'urar busar da gashi ba na goyon bayanta, domin ƙarfe yana ɗaukar zafi ba daidai ba, wurin da yatsa ya taɓa ya ji ɗumi, wani wurin kuwa ya isa ya ƙona fatar da siranta ya kai haka.

Ba za a yi wa sabon malanƙwashi adalci ba sai an gwada shi yadda ya kamata. Gashin ya zama busasshe kuma babu komai a kansa, domin jiƙaƙƙen gashi yana miƙewa ya tsinke da sauƙi, wanda aka shafa wa maskara, wato abin baƙanta gashin ido da kaurara shi, kuwa ya riga ya sandare, yana manne wa roba, kuma matsi yana karya shi ko ya tumɓuke shi. Nakan dafa gwiwar hannu a kan tebur, in ajiye madubi ƙasa da fuska, in ɗaga haɓa kaɗan ina kallon ƙasa da ido a buɗe. Sai in sa bakin har leɓen sama ya zauna a tushen gashi, in rufe a hankali ba tare da matsi ba domin in ji ko fata ta shiga, sannan in matse na daƙiƙa 5 zuwa 10. Daga nan in buɗe gaba ɗaya, in matsa zuwa tsakiyar gashi in matse da sauƙi, in sake yi kusa da baki da sauƙin da ya fi haka. Matsi uku masu sauƙi suna ba da lanƙwasa mai kama da ta halitta, matsi ɗaya mai ƙarfi kuwa kusurwa yake bari. Ba a jan hannu sai bakin ya buɗe sarai, kuma ba a yin wannan aiki a cikin mota mai tafiya ko inda wani zai iya bugun gwiwar hannu. Idan lanƙwasar tana sauka da zarar an shafa maskara, a duba maskarar kafin a zargi ƙarfen, domin ta yau da kullum ruwa ne tushenta, kuma ruwan yana sassauta riƙon nan mai rauni da na ambata, wadda ba ta jin ruwa kuwa kakin zuma da mai masu saurin bushewa ne a cikinta, shi ya sa ta fi riƙe lanƙwasa, ko da yake cire ta yana bukatar haƙuri da abin gogewa mai mai.

Tsabta tana cikin zaɓe, domin ƙirar da ke da lunguna da yawa tana da wuyar gogewa. A gefen fatar ido akwai ƙananan ƙofofin mai da suke hana hawaye saurin bushewa, kuma dattin da ya taru a kan roba yana iya kai ƙwayoyin cuta wurin, a wayi gari da hazbiya ko kumburin gefen ido. Nakan goge baki da roba da auduga mai ɗan sifirit aƙalla sau ɗaya a mako, in bari su bushe sarai kafin su kusanci ido. Ba na ba da aron nawa, ba na karɓar na wata, domin ciwon ido mai yaɗuwa irin apolo ta irin wannan hanya yake bi. Idan ido ya yi ja, yana ruwa, ko an yi masa aiki kwanan nan, malanƙwashi ya jira. Haka kuma ba a matse gashin da aka liƙa ɗaya bayan ɗaya a kan na asali, domin matsin yana karya gam ɗin ya tafi da na asalin. Wadda gashinta yake juyawa ciki yana gogar ƙwayar ido kuwa, likitan ido take bukata, domin gogar tana iya yi wa ido tabo, kuma lanƙwasar yini ɗaya ba ta gyara tushen da ya karkace.

Duk sabon da ya zo hannuna yanzu, kwana uku nake ba shi. Ranar farko ina duba zama kawai, in ɗora shi a kan ido ba tare da matsi ba, in ga ko ya taɓa fata daidai tun daga kusurwa har kusurwa, kuma ko gashin farko da na ƙarshe sun shiga cikin bakin. Rana ta biyu ina matsewa a ido ɗaya in bar ɗayan, in kwatanta su da safe da kuma yamma. Rana ta uku ina duba robar a wajen haske in ƙirga gashin da ya rage a kanta, sannan in duba fatar idon ko ta yi ja ko tana ƙaiƙayi. Gashi ɗaya jefi-jefi ba abin damuwa ba ne, domin dama kullum akwai wanda zamaninsa ya ƙare. Amma idan na ga guntaye, ko na ga uku ko huɗu a matsi ɗaya, ko kuma ya mintsine ni a wuri guda kwana uku a jere, sai in ajiye shi in koma neman wani mai baka daban.